Kaza mai ƙafa ɗaya: a yanka ko a yi jinya?

Cikin tambayoyin da ke zo mana a filin noma da kiwo akwai wata da ke dawowa kusan kowace damina, kuma mata ne suka fi yin ta: kaza ta rasa ƙafa, ko ƙafar ta bushe ta yi baƙi tana shirin faɗuwa, yaya za a yi da ita? Amsar maigida dai gajera ce, a kawo wuƙa, sabo da kaza ba ya hana yanka. Wani lokaci shi ke da gaskiya. Sai dai kazar nan sau da yawa ba tasa ba ce. Ta uwargida ce, ko ta yarinya da kakarta ta ba ta, kuma ita ce asusun da ake taɓawa ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi ko aka ce a kawo kuɗin littafi a lakwal. In kuma an yi dace kaza ce mai kwanci da kyau, wadda ake zuba wa ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe, to yanka ta asara ce da ta wuce kuɗin nama.

Bari mu faɗi abin da ke akwai tun farko. Kazar gida tana iya rayuwa da ƙafa ɗaya, ta ci, ta sha, har ta koma yin ƙwai. Abin da ya taimake ta shi ne rashin nauyi, don yawancin kajinmu ba su wuce kilo 1 zuwa 1 da rabi ba. Kajin gidan gona na nama, waɗanda ke kai kilo 2 cikin mako 6 ko 7, ko da ƙafa biyu da ƙyar suke ɗaukar jikinsu, saboda haka in ɗaya daga cikinsu ta rasa ƙafa ba a wahalar da ita da jinya. Maganarmu ta yau a kan kazar tsakar gida ce.

Da farko a tabbata rauni ne

Kafin a taɓa kazar, a duba ko akwai ciwo a zahiri. Kazar da ta kwanta ta kasa tashi alhali ba jini, ba karaya, ba kumburi, wannan wata magana ce daban. In ƴar matashiya ce ta miƙe ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, likitocin dabbobi sukan yi zargin cutar Marek, wadda ke kama jijiyoyi kuma ba ta da magani. In wuyanta ya murɗe, tana kashi kore, tana numfashi baki buɗe, sauran kaji kuma sun fara sanyi, alamun annobar nan ce ta lokacin hunturu da ake kira Niyukasal, wadda ke share akurki cikin kwanaki. In kuwa kaji na faɗuwa suna mutuwa da yawa a unguwa, a sanar da ma'aikatan kiwo tun da wuri, kada a ci, kada a kai kasuwa, kada yara su ɗauka. Mutanen Magarya ba su manta da watan Fabrairun 2006 ba, lokacin da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar a yankinsu.

Raunin kuwa, kowa ya san inda yake fitowa. Tarkon ɓera ko na gafiya, cizon kare ko muzuru, takun saniya ko jaki, amalanke, babur, garwashin murhu. Amma wanda ya fi cin ƙafafun kaji a gidajenmu abu ne da ba ya ko ƙara: zare. Zaren buhun roba, gashin ƙarin kitso da aka zubar, zaren tsohon gidan sauro, da igiyar da muke ɗaure kaza da ita da damina don kar ta shiga shuka. Zaren ya naɗe yatsa ko ƙwauri, kaza na tafiya yana ƙara matsewa, ya nutse cikin fata har ba a ganinsa, ya tare jini. Ƙafar ta kumbura, ta yi sanyi, ta yi baƙi, ta bushe kamar kara, bayan makonni ta faɗi da kanta.

In an ga haka da wuri, ƙafa na da ɗumi kuma yatsu na motsi, a yanke zaren da sabuwar reza a hankali, a zare shi duka, sau da yawa ƙafar na dawowa. In ta riga ta bushe ta yi baƙi, ba ta dawowa. Kada a sa wuƙa a datse ta a gida. Jiki da kansa yana yin iyaka tsakanin matacce da mai rai, aikinmu tsabtace wurin da hana ƙuda. Wadda ke ba da tsoro ita ce ƙafar da ta jiƙe, tana wari, kumburi na hawa sama zuwa cinya. Wannan ruɓa ce da ke iya shiga jini, sai ma'aikacin kiwo ya gani a ranar.

Ranar farko

Jinin jikin kaza mai kilo ɗaya duka-duka bai wuce kofi ɗaya ko biyu ba na ƙananan kofunan shayin da ake sha a fada. Kun ga ke nan ba ta da na zubarwa. A naɗe ta da zane, a rufe mata kai, don duhu na kwantar da ita. Kada a riƙe ta kai ƙasa, kada kuma a matse mata ƙirji, da motsin ƙirji take numfashi. Sai a ɗora ƙyalle mai tsabta a kan ciwon a danna da yatsu minti 5 zuwa 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙe ba. In ɗan yatsa ne kawai ya gutsure, ɗan garin fulawa ko na masara yana taimakawa jinin ya tsaya.

Bayan jini ya tsaya sai wanki. A tafasa ruwa lita 1, a bar shi ya huce, a zuba gishiri gram 9, wato kusan ƙaramin cokali biyu a shafe. A kwarara shi a kan ciwon har ƙasa da datti su fita. In akwai Bétadine ta farmasi, a sirka ta da ruwa har ta yi launin shayi na uku, a shafa. Zuma tsantsa ita ma tana da kyau ga ciwo, in dai za a rufe ta da ƙyalle don tururuwa. A naɗe dungun da bandeji ko ƙyallen da aka wanke aka shanya a rana, ɗauri sassauƙa, a canza shi kullum. Ɗauri mai tsauri yana yin ɓarnar da zaren ya yi.

Akwai abubuwan da muka saba gani ana zubawa, kuma muna roƙo a bar su: baƙin mai, kananzir, garin cikin batir, kashin shanu. Wasu na ƙona naman da ke son haɗewa, wasu na shigar da ƙwayoyin cuta, wasu guba ne da ke komawa cikin ƙwai da naman da yaranmu za su ci. Haka ƙwayoyin rage ciwo na mutane da ake saye wurin masu yawo da magani. Jikin tsuntsu dabam yake da namu. Maganin nan diklofenak, da mutane ke sha don ciwon gaɓoɓi, shi ne ya kusa ƙarar da ungulu a Indiya da Pakistan daga shekarun 1990, don kawai sun ci mushen shanun da aka yi wa allurarsa, ya lalata musu ƙoda. Kafso ma ba a buɗe shi a juye a ruwan kaza da ka. In ciwon na bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, musamman cizon muzuru ko kyanwa, wanda ramin haƙori ƙarami ne amma yana iya kashe tsuntsu cikin kwana biyu ko uku, ma'aikacin kiwo ne zai faɗi irinsa da yawansa, ya kuma faɗi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai ko nama.

Nan ne ake yanke shawara, kuma a ranar farko ya kamata a yanke ta, tun ba a ba kaza magani ba. In ƙafafu biyu ne suka tafi, ko ƙashin cinya ya farfashe ya fito waje, ko haƙori ya huda ciki, a ganinmu yanka shi ne tausayi, kuma naman bai ɓaci ba. In an bari ta kwana uku tana wahala, ciwo ya ruɓe, an ɗura mata magunguna, sannan a zo a yanka, an yi asara biyu, don naman ma bai kamata a ci ba. Batun halaccin wadda kare ko muzuru ya yi wa mummunan rauni kuwa, malaman gari na kusa, a tambaye su. Amma kazar da ta rasa ƙafa ɗaya daga ƙasan gwiwa, idonta a buɗe, zankonta bai yi fari fat ba, tana kai baki ga tsaba, wannan ta cancanci a gwada.

Wurin kwana da ƙafar da ta rage

Kaji ba su da tausayin mai ciwo. Da sun ga ja sai su kai baki, kuma wadda ta kasa gudu ita ce abin tsattsaga. A ware ta a kwando ko ƙaramin akurki, amma inda za ta riƙa ganin ƴan uwanta tana jin kukansu, don kazar da aka kulle ita kaɗai a ɗaki takan ƙi cin abinci. A lulluɓe kwandon da guntun gidan sauro mai kyau, ba mai zare-zare ba. Da zafi ƙwan ƙuda na zama tsutsa cikin yini guda, kuma tsutsa a dungu ko a ƙarƙashin wutsiya ita ce ke kashe da yawa daga cikin kajin da suka tsira daga raunin kansa.

Shimfiɗa ta zama mai taushi, busasshiya, mai kauri kamar faɗin yatsu huɗu: ƙaiƙayin gero, buntun shinkafa, busasshiyar ciyawa ko yashi mai laushi. Ɓawon gyaɗa ma na yi in bai yi fumfuna ba. Siminti da tabarmar roba mai santsi ba su dace ba. Ana kwashe kashi safe da yamma, don ita yanzu a inda ta yi shi take kwanciya.

Yawancin mutane dungun suke kallo, alhali bayan makonni uku ko huɗu fata kan rufe shi. Haɗarin da ke daɗewa yana wurare biyu. Na farko tafin ƙafar da ta rage, wadda yanzu ke ɗaukar nauyin jiki duka, kuma kowane tsalle a kanta yake sauka. In ƙaya ko tsakuwa mai kaifi ta yanke shi, sai ƙurji ya taso, tafin ya kumbura da ɗan baƙin ɓawo a tsakiya. Kaza mai ƙafa biyu sai ta ɗingisa ta huta da ita, wannan kuwa ba ta da ta canji. Saboda haka duk bayan kwana biyu a ɗaga ta a duba tafin, a wanke, a shafa ɗan man kaɗanya ko basilin in ya bushe yana tsagewa. Farcenta ma zai yi tsawo tunda ba ta tono, a riƙa rage bakinsa kaɗan-kaɗan, kada a kai ga jini.

Na biyu ƙashin ƙirji. Kazar da ke yini kwance a kansa gashin wurin na zubewa, fata ta yi ja, ta yi gyambo, kamar yadda majinyaci ke yi in ya daɗe a gado ba a juya shi. Dabarar da ke taimakawa mai sauƙi ce. A samu kwali mai ƙarfi ko tsohon bokiti, a shimfiɗa tsohuwar riga a bakinsa a ɗaure ta ta ɗan lotsa kamar goyo, a huda rami ɗaya na ƙafa, ɗaya na dungu, ɗaya a baya na kashi. A zaunar da kaza a ciki yadda tafinta zai taɓa ƙasa kaɗan, a ajiye abinci da ruwa daidai bakinta. Awa ɗaya ko biyu da safe, haka da yamma, ya isa, kuma da mutum a kusa. Ba a barin ta ta yini a ciki, don sai ta motsa ne za ta koyi tsalle da dogara da fuffuke. Wasu cikin kwanaki suke koyo, wasu sai sun yi makonni, ƴan tsaki da matasa sun fi tsofaffi saurin sabawa.

Hawa bishiya ko katanga da dare ya ƙare mata. A ƙasa za ta riƙa kwana, cikin akurki mai ƙofa, don duk abin da ke yawo da dare ita zai fara samu.

Ci da sha

Kazar tsakar gida da ƙafa take neman abinci. Ta tsaya da ɗaya ta tona da ɗaya, ta samu ƙwari, tsutsa, tsaba da ɗanyen haki. Mai ƙafa ɗaya ba ta iya wannan, saboda haka duk abin da take samu a bola da gindin rumbu yanzu daga hannun mai ita zai fito. Wanda zai yi jinya ya san da wannan tun farko, don ɗan tsabar da ake watsa wa kaji da safe ba zai riƙe ta ba. Tana bukatar kimanin gram 80 zuwa 100 a yini, kusan cikin tafin hannu biyu. Gero ko dawa da dusa su ne tushe, amma ciwo ba ya haɗewa da hatsi kaɗai. A haɗa mata da gara, irin wadda ake tarawa a tukunya da kara da busasshen kashin shanu, ko fara wadda ba ta gonar da aka yi wa feshi ba, ko garin ƙuli-ƙuli marar yaji da gishiri, ko dafaffen wake, da ɗan ganyen zogala. In ta koma ƙwai, a gasa ɓawon ƙwai a daka a barbaɗa mata. A ajiye ƴan ƙananan tsakuwa a gefe, da su ƙundunta ke niƙa hatsi. Kada kuma tausayi ya sa a cika ta da tuwo da shinkafa har ta yi ƙiba, ƙafa ɗaya ce za ta ɗauka.

Yadda za a gane tana ci: da yamma a taɓa jakar abincin da ke gindin wuyanta, ya kamata a ji ta cike, da safe kuma a ji ta sace. In ta ƙi sha a ranar farko, a tsoma mata bakin a ruwa mai ɗan sukari ta haɗiya da kanta. Ba a ɗura mata, don ƙofar numfashinta na nan bayan harshe, ruwa na iya wucewa huhu. Mazubin ruwa ya zama marar zurfi, mai nauyi, kamar kaskon ƙasa, don in ta faɗa cikin roba mai zurfi ba ta iya fita.

Kaza ba ta gumi, kuma zafin jikinta ma kusan digiri 41 ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 daga Tawa har Damagaram, sauran kaji na bin inuwa tana juyawa. Ita inda aka ajiye ta da safe nan rana za ta same ta da azahar. A zaɓi wurin da inuwa ba ta barinsa, a yayyafa ruwa a ƙasan kewaye. Da hunturu a kare ta daga iska da buhu ko zana, da damina kuma a ɗaga shimfiɗarta daga laima.

Wani abin da ba a cika tunawa ba shi ne susa. Kaza na gyara gashinta da baki, amma kai da wuya da ƙafa take sosa su. Wannan ba ta da yadda za ta yi, sai ƙwarƙwata da ƙuma su taru a kewayen ido da zanko su sha jininta. A riƙa dubawa, a shafa basilin a kan ƙumar da ta manne, a kula kada ya shiga ido. A kuma tanadar mata faffaɗan kwano na yashi da toka mai sanyi ta yi birgima, bayan ciwon ya rufe.

Zakara a nisanta shi har sai ta warke sarai, nauyinsa na iya buɗe dungun ko ya karya ƙafar da ta rage. In za a mayar da ita cikin kaji, a fara haɗa ta da guda mai sanyin hali, a kuma raba mata wurin cinta. Ƙwai kan tsaya na wani lokaci bayan rauni, sannan ya dawo. Kwanci ma tana iyawa in an yi mata gurbi a ƙasa mai taushi, sai dai a rage yawan ƙwan, don wajen sauka a kansu takan fasa. Ƙwan kaza kwana 21 ne, na zabo 26 zuwa 28, kuma duk tsawon nan sai an kai mata ci da sha kusa. Yawo da ƴan tsaki da kare su daga shirwa ne ba za ta iya ba, sai a killace su tare. Zakara mai ƙafa ɗaya kuwa da wuya ya iya barbara, shi ya sa lissafinsa ya bambanta da na kaza. Wadda ta rasa yatsa ɗaya ko biyu ba ta da wata matsala babba. Wadda ta rasa fuffuke tana tafiya tana tono, abin da ta rasa shi ne tashi sama da rufe ƴaƴa sosai.

Ƴan uwanmu na waje sukan turo bidiyon kaji da agwagi sanye da ƙafar roba, suna tambaya me ya hana a yi haka a gida. Abin gaskiya ne. A 2015 jaridun Amurka sun ba da labarin wata kaza a jihar Masacusets da likitocin dabbobi na jami'ar Tufts suka shirya yi wa ƙafar roba a kan dala 2,500. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta CFA 5 ba, kuɗin sun haura miliyan ɗaya na CFA. A nan wasu kan gwada da guntun tiyo ko kara. Irin wannan ba ya zama sai in gwiwar na nan da ɗan ƙwauri a ƙasanta, kuma sau da yawa gogar da yake yi na buɗe ciwon da ya riga ya warke, laima ta taru a ciki. Abin da muka fi yarda da shi ɗan kumfa ne na katifa a naɗe da ƙyalle, kamar safa, a sa wa dungun bayan ya rufe, a cire kowane dare a duba. Mai son taimaka wa tsohuwarsa daga can, kuɗin rigakafin Niyukasal na kajin gidan duka, da na gyaran akurki mai ƙofa, sun fi yi mata amfani.

Ga mai kaji da yawa, ranar da aka farke buhu ko aka yi kitso a gida, a tattara zaren da gashin a binne ko a ƙone. Sau ɗaya a mako a kama ƴan tsaki a duba yatsunsu, su zare ya fi kamawa. In dole ne a ɗaure kaza da damina, ko za a kai ta kasuwa, a yi amfani da ƙyalle mai faɗin yatsu biyu, a yi ƙullin da ba ya zargewa, a bar sararin da ɗan yatsa zai shiga, a kuma riƙa sauya ƙafar kowace rana.